Kyanwar Yaya da Tantabaruna

Ranar Talata na tarar da tantabara ta uku a mace, da na dawo daga shago bayan la'asar. Tana kwance a cikin keji dab da raga, an cinye mata wuya da ƙirji, gashinta ya watsu har bakin rariya. Ko hula ban cire ba. Ina ɗaga kai sai ga kyanwar Yaya a kan katanga, ta miƙe ƙafa ɗaya sama tana lasa, da ɗan farin gashi manne a gefen bakinta.

"Yaya! Fito ki ga aikin 'yarki!"

Yaya ce babba a ɗakinmu, ni ne na ƙarshe, shekara bakwai ta ba ni. Mijinta ya rasu, uwar yarana ta bi bayansa da wata takwas, sai ta dawo gidana da akwati biyu, da keken ɗinki wanda ya daina aiki tun kafin a haifi jikana na fari, da wannan kyanwa. Na ba ta ɗakin baya mai kallon fili. Shekara huɗu ke nan daga ni sai ita a gidan, sai tantabaru. Kyanwar kuwa Manaja take ce mata, wai don ba ta tsinana komai sai zagaye tana duba aikin wasu.

Ta fito a hankali tana dafe da gwiwa.

"Auta, wa ya mutu kake wannan kururuwa?"

"Ki duba."

Ta leƙa cikin kejin. "Allah sarki. Mai ɗingishin nan ce?"

"Ki duba bakin waccan ta kan katanga."

"Gashi ne. Iska ma tana kwasar gashi, sai ka je ka kamo ta."

"Ta uku ke nan cikin kwana goma, Yaya!"

"To ta ina ta shiga? Ba kai ka ƙera kejin ba? Ba kai kake cika mana baki wai ko ɓarawon banki sai dai ya kalle shi ya wuce ba? Ko makulli ka ba ta?"

Nan ta taɓo ni inda yake mini ciwo. Shekara arba'in da ɗaya ina walda. Rabin ƙofofin layinmu aikina ne, da ƙarafan tagogi, da get ɗin makarantar da ke bakin titi. Ba a taɓa sallama da ni aka ce an fasa aikina ba. Kejin nan kuwa da rodi na tsayar da shi, na kewaye da raga mai kauri, na sa sakata biyu da kwaɗo. Na ce mata ai ba sai ta shiga ba, hannu take zurawa ta raga ta jawo su, ta ci abin da bakinta ya kai.

"Hannu," in ji Yaya. "Yanzu har hannu ta yi."

"Ki yi dariyarki. Kyanwar nan za ta bar gidan nan."

"To ka nemo mota mai ɗaukar mutum biyu. Ranar da ta fita, ina bayanta."

Na yi tsaki na ɗauko shebur. Na ɗauka irin maganar nan ce ta tsofaffi, wadda ake faɗa da yamma a manta da ita kafin shayin safe.

Ashe ta kai ƙarata wajen 'yata ta biyu, wadda ke aikin jinya a asibiti, duk dangi Nas muke ce mata. Ranar Alhamis sai ga ta da kayan aiki a jikinta, da wani ƙaramin kwali a hannu. Ta zaunar da mu kan benci kamar marasa lafiya masu jiran allura, ta fito da wani abu mai launin ganye, girmansa bai wuce sandar sabulu biyu ba, da ido ɗaya a tsakiya da maɗauri a baya.

"Kyamarar maigidana ce, Baba, ta wajen aikinsu. Irinta suke ɗaurawa a jikin itace a daji in suna son sanin dabbobin da ke wucewa. Barci take yi. Da zarar wani abu ya motsa a gabanta sai ta farka, ta ɗauki hoto mai motsi na daƙiƙa ashirin, ta rubuta lokaci a ƙasa, ta koma barcinta. Ga ɗan katin nan, kullum ka ciro shi ka sa a wannan, ka jona da wayarka, ka ga komai."

"Madalla," in ji Yaya. "Allah ya kawo mana shaidar da ba ta tsoron Auta."

"Gwaggo, don Allah."

"Me na ce? Yabon kyamara na yi."

Nas ta miƙe za ta ɗaura abin a jikin bulo kusa da ƙasa. Na ce ta dakata. A gidan mai walda ba a ɗaure kaya da igiya kamar akuya. Na jawo inji, na yanko guntun ƙarfe, na yi mata mazauni a jikin sandar igiyar shanya, daidai tsayin fuskar mutum. Nan nake sa fitila, nan nake sa kyamara a kowane get da aka ba ni aiki.

"Baba, ya ce a ƙasa ake sa ta fa, daidai gwiwa."

"Mijin naki ya taɓa riƙe injin walda?"

"A'a, amma..."

"To ya bar wa masu yi."

Ta ɗaga kafaɗa ta duba agogo, ta ce ita dai aiki na jiranta.

Washegari da yamma na ciro kati na zauna. Hoto ɗari da goma sha huɗu. Na ga zanin Yaya yana kaɗawa a kan igiya ya fi sau arba'in. Na ga ƙadangare yana gyaɗa kai a kan rufin keji. Na ga tsuntsayen da ke satar dawar da nake watsawa, waɗanda da ban san da su ba. Na ga Yaya, duk sanda za ta wuce da bokiti sai ta tsaya, ta gyara ɗankwali, ta sara wa kyamara irin ta sojoji. Na ga kaina da safe ina sosa ciki, da wani tumbi da ban san na ajiye ba. Rufin keji da rabinsa na sama duk suna fitowa tas. Ƙasan ne ba ya fitowa, ni kuwa ban damu ba, don na san ta sama mai laifina take zuwa.

Ranar Lahadi aka kashe mini Soja. Baƙin namiji ne, shekara shida yana hannuna, shi ne in na sake su da safe yake jan sauran su yi zagaye uku su dawo. Na ɗago shi da hannu biyu, kansa yana reto. Ban san sanda na shuri kwanon ruwansu ya bugi katanga ba.

Na ciro katin. Ƙarfe biyu da minti goma na rana, ga Manaja a kan rufin keji. Ta leƙa ƙasa, ta gantsare baya, gashin jikinta ya miƙe, wutsiya na bugun kwano, baki a buɗe. Tantabaru na ta faɗuwa a jikin raga. Daƙiƙa ashirin, hoto ya ƙare.

Na kai wa Yaya har bakin gado, don a lokacin nan kullum tana kwance tana hutun rana. Na ce ga shaidarki da ba ta tsorona.

Ta sa tabarau ta kalla. "Wannan kyanwa a tsorace take. Ka taɓa ganin mai farauta ya kumbura haka?"

"Yanzu kuma harshen kyanwa kika koya?"

"Na zauna da kai ma na gane abin da kake nufi, balle kyanwa."

"Soja fa aka kashe, Yaya."

"Na ji, Allah ya ba ka wani. Amma ni ban ga ta taɓa kowa a nan ba. Ka ga ta taɓa?"

Na karɓe wayata. Na fita na bugo mata ƙofa har labulen ya faɗo.

Litinin ce ranar da Nas take kai Yaya asibiti a duba mata gwiwa. Suna fita na aika shago na ce yau ba ni zuwa. Na buɗe gwangwanin kifi na ajiye a tsakar fili, na tsaya da buhu a bayana. Manaja ta sauko tana tafiyar nan tata ta masu gida, ta ma fara goga jikinta a ƙafata kafin ta je ga kifin. Na damƙe ta a wuya. Ta yage mini bayan hannu tun daga wuyan hannu har gindin yatsa, jini ya ɗiga a kan siminti, wannan ya ƙara mini ƙarfi. Na ɗaure bakin buhu, na kira direban da ke kawo mana rodi.

Ya zo, ya kalli buhun yana motsi, ya kalle ni.

"Baba, ba ta Gwaggo ba ce?"

"Ka kai ta can bayan gada, wajen da kuke lodi. Inda ba za ta gane hanya ba."

"Gwaggo ta sani?"

"Kai, tambaya aka aike ka ko tuƙi?"

Ya ɗauka ya sa a bayan mota. Na wanke simintin, na naɗe hannu da tsumma, na zauna na ji iskar gidan ta yi mini daɗi.

Da Yaya ta dawo ta zuba ruwa a kwanon kyanwar da ke bakin ƙofarta, ta yi kira. Ta zagaya bayan ɗaki ta yi kira. Ta leƙa ƙarƙashin gado, da gwiwar nan da aka gama yi wa allura. Ina zaune kan benci ina goge sukurdireba da ba ta da datti. Sai na ga inuwarta a kaina.

"Miƙo hannunka."

"Ƙarfe ne ya yanke ni."

"Miƙo."

Ta warware tsumman, ta ga layi huɗu a jere. Na shirya wa ihu, na tanadi amsoshi, har da lissafin shekarun Soja. Ba ta yi ihun ba. Ta mayar mini da tsumman ta naɗe shi da kyau, ta ɗaure, kamar yadda take yi mini ina yaro.

"Ni na goya ka," ta ce. "Bayan nan nawa babu irin fitsarin da bai sha ba. Ranar da ka faɗa rijiyar makwabta ni na riƙe igiya har tafina ya sale. Ban san mai saka 'yar mutane a buhu nake reno ba."

"Kyanwa ce fa, Yaya, ba 'yar mutane ba."

"A cinyarsa take kwana har ranar da ya cika. Ka sani."

Na sani. Mijinta take nufi. Amma a lokacin idona ya rufe, na ce gida nawa ne, tantabaru nawa ne, ba zan zauna ana yanka mini su ɗaya bayan ɗaya don a faranta wa dabba rai ba. Ta ce haka ne, gida naka ne. Ta shiga ɗaki, ina ji ta kira ɗanta, malamin makaranta ne a wani gari, Ticha muke ce masa. Ta ce ya zo da mota ranar Asabar, ya sauke kujerun baya don akwai akwatuna.

Daga ranar ba ta ƙara yi mini magana ba. Abinci dai tana dafawa, ta rufe nawa ta ajiye a kan benci kamar na almajiri. Ni ma na ɗaure fuska. Na ce a raina Asabar ɗin ta zo mu gani, wa zai bar ɗaki da fili ya koma benen Ticha mai hawa uku da wannan gwiwa.

Ranar Laraba na dawo daga shago na tarar da biyu a mace.

Biyu, a rana ɗaya. Ɗaya ma ba a ci komai a jikinta ba, an dai fasa mata kai an yar. Na tsaya a gaban kejin nan kunnuwana suna ƙara. Na yi sauri na kwashe su na tura cikin kwandon shara na danna da ganye, na juyo, sai ga Yaya a taga ta tallafe haɓa.

"Manaja ta shigo motar haya ta dawo ke nan?"

Ta saki labule.

Ban kira Nas ba. Na kwance kyamarar daga mazaunin da na yi mata, na nemo maɗaurin nan da na raina, na ɗaure ta a jikin bulo, daidai gwiwa, tana kallon ƙofar keji. Sai da na tabbata labulen Yaya a sake yake sannan na yi.

Alhamis da yamma, tantabara ɗaya ta sake tafiya. Na shiga ɗakina na sa sakata, na jona kati.

Ƙarfe biyu da minti ashirin, rana tsaka, ina shago, Yaya na barci. Wani kai ya leƙo ta bakin rariya. Sai jiki ya biyo, dogo, siriri, ja-ja, da doguwar wutsiya mai baƙi a ƙarshe. Tunku. Ya miƙe a kan ƙafafun baya ya duba hagu da dama, kamar mai jiran mota ta wuce. Bai yi wani neman hanya ba, bai shinshina raga ba. Kai tsaye ya nufi ƙofar kejin, ya shimfiɗe cikinsa a ƙasa, ya sulale ta ƙarƙashinta kamar an zuba mai. Hoto na gaba, ga shi ya fito ta inda ya shiga, baki jajir.

Na kalla sau biyar. Sannan na fita, na durƙusa a gaban ƙofar, na zura yatsuna a ƙarƙashinta. Uku cif.

Ina da shekara goma sha biyar maigidan da ya koya mini aiki ya kama hannuna ya sa a ƙarƙashin wani get, ya ce kowace ƙofa za ka rataya, ka bar mata yatsa uku tsakaninta da ƙasa. In damina ta zo ƙasa ta kumbura, ko tsakuwa ta taru, ba za ta ja ba, mai gida ba zai zo yana zaginka ba. Tun daga ranar ban rataya ƙofa ba tare da yatsa ukun nan ba. Ba na ma tunani, hannun ne yake yi da kansa. Kuma ba a taɓa kawo ƙara ba, don duk duniya babu ɓarawon da zai bi ta yatsa uku. Ni mutum nake yi wa ƙofa. Na zo yi wa tsuntsu, na yi masa irin ta mutum, har da kwaɗo mai tsada, na bar wa tunku babbar hanya.

Ita kuwa Manaja, abin da take yi a kan rufin nan ranar Lahadi, shi take yi wa tsawa. Shi ya sa da tana nan yake ɗaukar ɗaya a gurguje, sai bayan kwana huɗu ko biyar ya sake gwadawa. Da na kawar masa da mai gadi, sai ya mayar da wurin gidan abinci.

Ban taɓa jin haushi irin na yammacin nan ba, kuma na rasa wanda zan sauke wa. Na zagi tunku da duk danginsa. Na zagi direba, ƙato da shi, an ce ka ɗauki buhu sai ka ɗauka, ba ka iya cewa a'a? Na zagi mijin Nas da bai zo da kansa ya ɗaura abarsa ba. Har maigidana da ya shekara talatin a kabari sai da na ambata. Na ciro katin, na ɗauko filaya, na sa shi a bakinta. Abu kamar farce, matsa ɗaya ya isa.

Kada wani ya ce kirki ne ya hana ni. Lissafi na yi. Ko na fasa katin, dole in toshe ƙasan ƙofar nan, in ba haka ba kafin wata ya ƙare ba ni da ko tantabara ɗaya. Toshewa kuwa sai da inji, inji kuwa sai da ƙara da walƙiya, a gaban tagar Yaya. Matar da ta shekara arba'in tana jin hirar walda a bakina, tana ganin na durƙusa a ƙasan ƙofa ta gama karanta komai. Ko dai in bar tsuntsayena su ƙare don in rufa wa kaina asiri, ko in tona da hannuna. Na ajiye filayar. Na cusa guntun katako a wurin na danne da dutse, na kwana a kan haka.

Juma'a da sassafe na tare direba a bakin shago, na ce kai ni inda ka sake ta.

"Baba, ai na faɗa maka..."

"Ba ka faɗa mini komai ba. Ja mota."

Wurin bayan gada ne, filin lodi, ga tarin rodi da buhunan siminti, ga masu sayar da abinci a ƙarƙashin rumfunan kwano, ga juji ya yi tudu har bakin ruwa. Ya nuna mini gindin wata tsohuwar taya ya ce nan ya kwance buhun, ta fita da gudu ta yi wajen jujin. Na buɗe gwangwanin kifi na bi layi ina kira. Masu lodi suka bar aiki suna kallona. Ɗaya ya ce, "Baba, in mata ce ta gudu, ba da kifi ake biko ba." Suka kwashe da dariya. Da a shagona ne da ya gane kurensa. Na haɗiye.

Kyanwowi kam sun zo, har bakwai, ramammu, masu yagaggun kunnuwa. Babu ita. Wata mai sayar da shinkafa ta ce ta ga wata mai fari a wuya shekaranjiya, ko kuwa ranar da ta wuce ta, tana ƙoƙarin tsallaka titi. Na ce ta tsallaka? Ta ce ita dai ciniki ya ɗauke mata hankali. Wani mai faci ya kawo mini wata mai kama da ita sak, har farin wuyan, ya ce in tafi da ita, tsohuwa ai ba za ta bambance ba. Na ɗaga ta na duba, wallahi har na yi shawarar a zuciyata. Sai na tuna wace ce tsohuwar. Na sauke ta.

Na bi bakin ruwa har inda hanya ta ƙare, na dawo ta ɗaya gefen titin ina duba kwalta, abin da ba na so in gani. Ban ga komai ba, mai daɗi ko marar daɗi. Rana ta faɗi na koma gida, takalmana sun yi baƙi da laka. Abincina na kan benci a rufe.

Asabar da safe na jawo inji tsakar fili. Na yanko siririn ƙarfe daidai faɗin ƙofar, na durƙusa na fara ɗinkewa. Yaya ta riga ta fito da akwatunanta biyu, ta zauna a kan ɗaya, ta sa mayafinta na fita. Ba na kallonta, amma ina jin idonta a ƙeyata. Na gama ƙofa na koma bakin rariya na sa mata raga. Ina kakkaɓe walda Ticha ya yi sallama.

"Kawu, aiki da sassafe haka? Ko hutun Asabar babu?"

"Sannu da hanya," na ce. Na goge hannu, na ɗauko waya, na nemo hoton, na miƙa wa Yaya.

Ta ɗauki lokaci tana neman tabarau a jaka. Ta kalla. Ticha ya leƙo ta kafaɗarta ya ce, "Kai! Wannan ai tunku ne."

"Sake sa mini," in ji ta.

Na sake. Ta kalla har ƙarshe, ta miƙo mini wayar, ta ninke tabarau.

"Ashe da gaske ka bayar da makulli. Ba dai ita ka bai wa ba."

"Na je nemanta jiya. Tun safe har magariba."

"Na ga takalmanka."

"Zan koma gobe. Na bar wa masu abincin lambata."

Ta mayar da tabarau cikin jaka. Na yi kaki.

"Yaya, ki yi haƙuri."

"Haƙuri ina da shi, Auta. Shekara hamsin da shida ina yin sa da kai, bai ƙare ba. Kyanwa ce ba ni da ita."

Ticha ya sosa ƙeya. "Mama, tun da dai Kawu ya gane kuskurensa, ni ina ganin..."

"Kai kuma wa ya tambaye ka? Ɗauki akwati."

"Benen nan fa hawa uku ne, Yaya," na ce. "Gwiwarki."

"Gwiwata ta hau abin da ya fi bene."

Sai zuciya ta sake ɗebe ni, na ce to me kike so in yi, in haifo miki wata? Na ce kuskure ne, kowa yana yi, ke ma da kin ga gashi a bakinta da abin da za ki ce ke nan. Ta ce da ta ga gashi a bakina ma sai ta tambaye ni kafin ta sa ni a buhu. Ticha ya sunkuci akwati ya yi waje da sauri, ya bar mu.

Ta miƙe da ƙyar, na kai hannu zan taimaka ta kauce. Ta nuna kyamarar da ke jikin bulo da sandarta.

"Kwance waccan. Kawo ta nan bakin ƙofata, ta kalli kwanon nan. A ƙasa, ba a sama ba, Injiniya."

Na kwance na kawo na ɗaura, tana tsaye tana duba aikin.

"Kullum ka zuba ruwa mai kyau a kwanon. Kyanwa tana yin wata tana neman gida. Ranar da ka gan ta a cikin abin nan, ka kira ni, ko ƙarfe nawa ne, a ranar zan dawo. Kafin nan kada ka kira ni sai in mutuwa aka yi."

"In ba ta dawo ba fa?"

"Sai ka yi hira da tantabarunka."

Ta bar keken ɗinkin a ɗaki, ta kulle ƙofa ta tafi da makullin. Na raka su bakin get. Ticha ya ɗaga mini hannu ta taga, ita kuwa gabanta take kallo har suka sha kwana.

Yau kwana ashirin da uku. Na koma bayan gada sau shida, har masu lodin sun daina dariya, yanzu su suke ba ni labarin kyanwowin da suka gani. Tantabaru goma sha ɗaya suka rage, ba a ƙara taɓa ko ɗaya ba, sai dai babu mai jan su, in na sake su kowa gabansa yake yi. Nas ta zo ta ce maigidanta na neman kyamararsa, za su shiga daji. Na ce ya sayi wata.

Kullum na dawo daga shago kafin in cire hula nake ciro katin. Ƙadangaru. Wata gafiya. Ganyen da iska ta kwaso. Ranar Talatar da ta wuce wata kyanwa ta diro daga katanga, na miƙe tsaye har waya ta kusa suɓuce mini, na riga na nemo lambar Yaya, sai ta juyo, ashe mai zane ce ta gidan mai gyaran rediyo.

Shi kuwa tunkun, tun da na toshe rariya ya koma bi ta kan katanga. Ya je ƙofar keji sau biyu ya ga babu hanya, ya daina wahalar da kansa. Yanzu ƙarfe biyu da 'yan mintoci yake zuwa bakin ƙofar Yaya, ya sa baki a kwanon Manaja ya sha ya ƙoshi, wani lokacin har ya kwanta a inuwar wurin ya yi miƙa. Jiya na ɗauki kwanon zan yi jifa da shi bayan katanga. Na tsaya da shi a hannu ina huci, sannan na kai shi famfo na wanke, na cika, na mayar inda ta ce.